Roƙo biyu a waya ɗaya: me ya sa wani ke cika, wani a wuce shi?

Filin Tambaya da Amsa, tare da Gwaggo

Wasiƙun wannan watan kusan duk sun karkata wuri ɗaya, wato neman taimako da bayar da shi ta waya. Na zaɓi biyar, na taƙaita wasu saboda ƙarancin fili, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba. Na daɗe ina aikin sa kai wajen tara wa marasa lafiya kuɗin magani, tun zamanin da ake yawo da takarda ofis-ofis har zuwa yau da yatsa ke yin aikin, don haka maganar ta shafe ni ƙwarai.

Tambaya: Gwaggo, barka da aiki. Yayana ne ke fama da ciwon ƙoda, sau biyu a mako ake masa wanki, likitoci kuma sun ce dashe ne mafita. Duk abin da za mu iya sayarwa mun sayar. Mako uku ke nan da na sa roƙo a Facebook da sitatus ɗina na WhatsApp, har yau ko kashi ɗaya cikin goma ba mu samu ba. A makon nan kuma na ga an sa hoton wata jaririya mai ciwon zuciya, kafin gari ya waye kuɗi sun cika, an rufe asusun. Wallahi na taya iyayenta murna, amma na kwana ina kuka. Shin ran yayana bai kai nata ba ne? (Daga wani ƙanin majinyaci)

Amsa: Ɗana, Allah Ya ba yayanka lafiya, Ya sa kaffara ne, kai kuma Ya saka maka da alheri kan tsayuwar da ka yi masa. Ransa da na jaririyar nan darajarsu ɗaya. Waɗanda suka ba ta suka wuce shi ba su zauna sun auna rayukan biyu ba, yawancinsu ba su ma san sun yi zaɓi ba.

Zuciyar ɗan Adam fuska take fara gani kafin lissafi, kuma haka abin yake a ko'ina. A 2007 wasu masana uku a Amurka, Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic, sun gwada wannan. Suka ba mutane 'yan daloli, sannan suka ba su damar yin sadaka daga ciki. Wasu aka karanta musu labarin miliyoyin da yunwa ta addaba a Malawi da Zambiya da Habasha. Wasu kuma aka nuna musu hoton yarinya guda mai shekara bakwai daga Mali. Abin da aka ba yarinyar ya ninka wanda aka ba miliyoyin. Da aka haɗa hoton nata da alƙaluman a takarda ɗaya, sai kyautar ta ragu. Ka duba kuma abin da ya faru a watan Satumban 2015. Yaƙin Siriya ya riga ya ci rayuka wajen dubu 250, duniya na ji tana wucewa, sai aka ga hoton Alan Kurdi, ƙaramin yaron da ruwa ya turo gawarsa gaɓar tekun Turkiyya. A makon nan gudummawar da ake ba ƙungiyar Red Cross ta Sweden don 'yan gudun hijirar Siriya ta ninka sau da yawa, bayan 'yan makonni kuma ta fara komawa yadda take.

To jaririya tana da abin da babba ba shi da shi a idon mai kallo. Ba wanda zai tambaya ko ita ta jawo wa kanta, ko ina danginta, ko me ya sa ba ta yi tanadi ba. Ciwonta ma yana da iyaka da ake gani: a yi aiki sau ɗaya, ta warke, a sa hotonta tana dariya. Wankin ƙoda kuwa kullum ne, mai bayarwa sai ya ji kamar kuɗinsa ba za su kai ko'ina ba. Wannan ba adalci ba ne, ina kuma jin ciwonsa a kullum, domin magidanta da tsofaffi su ne suka fi yawa a cikin waɗanda muke nema wa taimako, su ne kuma aka fi wucewa.

Amma akwai abin da ya fi hoto ƙarfi, shi nake so ka riƙe. A iya abin da na gani, mutane sun fi ba wanda ya turo musu labari fiye da labarin kansa. Idan ka bi sawun roƙon jaririyar nan, da wuya ka rasa wani da jama'a suka yarda da shi wanda ya ɗauka ya ce na san gidan, na je asibitin, na ga yarinyar. Sitatus ɗinka kuwa ba da kowa yake magana ba. Mutum ɗari biyu za su gani, kowa ya ce Allah Ya ba da lafiya, kowa ya ɗauka sauran za su bayar.

Ka zauna ka rubuta sunayen waɗanda suka san yayanka da kansu: abokan karatunsa, abokan sana'arsa, maƙwabta, waɗanda ya taɓa yi wa alheri. Ka kira kowa ko ka tura masa saƙo da sunansa. Ka roƙe shi abu biyu, ya ba da abin da ya sawwaƙa, sannan ya tura wa nasa mutanen da kalmominsa na kansa, ya ce wane abokina ne tun muna yara. Shaida irin wannan guda ɗaya ta fi turawa hamsin na saƙon da aka kwafo.

Kada kuma ka fito wa jama'a da asusu fayau. John List da David Lucking-Reiley sun wallafa wani gwaji a 2002, na neman kuɗin sayen kwamfutoci ga wata cibiya a jami'ar Florida ta Tsakiya. Da suka shaida wa mutane cewa an riga an samu kashi 67 cikin ɗari na kuɗin, abin da aka tara ya kusa ninka sau shida kan na waɗanda aka gaya wa kashi 10 kawai aka samu. Ku kun sayar da kadarorinku, ai wannan ma tarawa ce, ka faɗe ta: ga abin da ake buƙata, ga abin da iyali suka haɗa, ga abin da ya rage. Ka kuma raba nauyin gida-gida. A fara da kuɗin gwajin wanda zai ba da ƙodar, in ya cika a sanar, a yi godiya, a nuna rasit ɗin asibiti, a shiga na gaba. Mutane suna ƙara himma idan sun hango ƙarshe ya kusa, suna kuma komawa su sake ba wanda ya dawo musu da bayani.

Abu na ƙarshe, ka nemi izinin yayanka kafin ka sa hotonsa. Ba sai an nuna shi a kwance ba riga da robobi a jiki ba. Hotonsa a bakin sana'arsa ko tare da 'ya'yansa ya isa ya nuna wa mutane wanda suke ƙoƙarin cetowa, kuma in Allah Ya tashe shi zai iya kallon hoton ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Tambaya: Gwaggo, ina cikin zauren WhatsApp na tsofaffin ɗaliban makarantarmu. Duk sanda za a tara wa wani kuɗi, sai sakatare ya riƙa jera sunaye da abin da kowa ya bayar, kowa na gani. Ni na taso a kan cewa sadaka ɓoye ta ake yi, hannun hagu ma kada ya san abin da na dama ya bayar. Na yi magana, aka ce ai da jerin ne ake samun kuɗin. Wa ke da gaskiya? (Daga wata malamar makaranta)

Amsa: 'Yar'uwata, ke da su kowa yana da madogara. Aya ta 271 a Suratul Baƙara ta ce idan an bayyana sadaka to madalla, idan kuma an ɓoye aka ba matalauta shi ya fi alheri. Maganar hannun hagu da dama da kika kawo tana cikin hadisin mutum bakwai da za su samu inuwa ranar da babu wata inuwa sai ta Allah. Amma a Sahihu Muslim akwai labarin mutanen ƙabilar Mudar da suka zo Madina cikin tsananin talauci, ba takalmi, ba suturar kirki, har fuskar Manzon Allah (SAW) ta sauya don tausayi. Ya yi huɗuba ya kwaɗaitar, sai wani mutumin Ansar ya taso da jakar kuɗi da ƙyar hannunsa ke iya ɗauka, a gaban kowa. Jama'a suka bi bayansa har aka tara tsibi biyu na abinci da tufafi. A nan ne aka faɗi ladan wanda ya fara kyakkyawan abu aka yi koyi da shi.

Sauran al'ummomi ma sun rabu a kan wannan. Linjila, a Matiyu sura ta 6, ta yi umarni da ɓoyewa da kusan irin kalmomin da kika taso da su. Musa bin Maimun, malamin Yahudawa na ƙarni na 12 da aka haifa a Kurɗuba, ya jera matakan sadaka takwas, ya sa wadda mai bayarwa da mai karɓa ba su san juna ba a kusa da ƙololuwa. A Japan, a watan Disamban 2010, wani ya ajiye jakunkunan makaranta a ƙofar wata cibiyar kula da yara, ya sa sunan wani jarumin zanen barkwanci a maimakon nasa. Da labarin ya bazu, mutane a sassan ƙasar suka riƙa yin haka, kowa na ɓuya a bayan sunan aro. A ɗaya gefen kuma, a taron harambee na Kenya, wato taron tara kuɗin gayya, da lasifika ake sanar da abin da kowa ya bayar. A Amurka sunan mai kyauta ake liƙa wa ginin asibiti ko ɗakin karatu. Mabiya addinin Buda a Myanmar da Tailan suna sanar da kyauta a bainar jama'a ne domin a ganinsu wanda ya ji ya yi farin ciki shi ma yana da rabo a ladan.

Cewa jerin yana kawo kuɗi kuwa gaskiya ne. Jen Shang da Rachel Croson sun gwada a wani gidan rediyon Amurka da ke neman gudummawar masu saurare: waɗanda aka gaya wa cewa wani ya ba da dala 300 kafin su, sun ƙara kusan kashi 12 cikin ɗari a kan abin da sauran suka bayar. Binciken da aka yi kan shafukan tara kuɗi na JustGiving na masu tseren gudun fanfalaki na Landan ya nuna abin yana tafiya ta fuska biyu. Babbar kyauta tana ɗaga waɗanda suka biyo bayanta, ƙarama kuma tana sauke su. Kowa yana leƙa abin da na gabansa ya yi kafin ya sa hannu a aljihu.

Ga nawa ra'ayin. A sanar da jimillar abin da aka tara a kullum, a kuma sa sunayen waɗanda suka bayar idan sun yarda, domin ganin suna yana zaburarwa, yana kuma hana kuɗi salwanta a hannun mai tarawa. Wanda ya so a rubuta masa "wani bawan Allah" a rubuta. Amma adadin kowa a gaban sunansa, wannan a bar shi a littafin ma'aji. A kowane zaure akwai wanda albashinsa bai kai ƙarshen wata ba. Jerin nan yana sa shi ko dai ya ciwo bashi don kada a raina shi, ko ya yi shiru, ko ya fice daga zauren a hankali, kuma sau da yawa shi ne wanda gobe zai fi buƙatar a tara masa.

Abin da ba na sassauci a kansa shi ne ɗaukar bidiyon mai karɓa. A tsayar da bazawara ko maraya a gaban kyamara, a miƙa masa buhu, a ce ya yi godiya duniya ta gani. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta yi kashedin ɓata sadaka da gori da cutarwa, kuma bidiyon da ba ya goguwa a intanet cutarwa ce da za ta bi yaron nan har ya girma. In ana son shaidar cewa kaya sun isa, hoton kayan da rasit da sa hannun shaidu biyu sun wadatar.

Tambaya: Gwaggo, ni ɗalibi ne. Muna gardama da abokina, ya ce Turawa sun fi kowa kyauta a duniya, shi ya sa manyan ƙungiyoyin agaji duk nasu ne. Haka ne? (Daga wani ɗalibin jami'a)

Amsa: Ɗana, ya danganta da abin da aka ƙirga. Idan yawan kuɗi ne, Amurkawa sun ba da sama da dala biliyan 500 a 2023, ba wata ƙasa da ta kusa. Idan kuma yawan masu bayarwa ne a cikin jama'a, hoton ya sauya. Gidauniyar CAF ta Birtaniya ta shafe shekaru tana fitar da rahoto bisa tambayoyin da kamfanin Gallup ke yi wa mutane a ƙasashe sama da ɗari: a watan da ya wuce ka ba da kuɗi, ka taimaki wanda ba ka sani ba, ka yi aikin sa kai? Daga 2014 zuwa 2017 Myanmar ce a sama, ƙasar da ba ta cikin masu arziki. Indonesiya ta zo ta ɗaya a 2018, ta sake zuwa a rahotannin 2021 har zuwa 2024, shekarar da Kenya ta zo ta biyu. Ka kuma tuna wa abokinka kuɗin da 'yan ci-rani ke turawa gida. Bankin Duniya ya ƙiyasta sun haura dala biliyan 600 a 2023 zuwa ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kusan ninki uku na duk agajin da gwamnatocin ƙasashe masu arziki suka bayar. Kuɗin makarantar ɗan ƙane da maganin gwaggo duk suna ciki, amma ba a rubuta su a matsayin sadaka.

Bambancin da na fi ganin yana da nauyi shi ne wanda kowace al'umma ta yarda ta damƙa wa kuɗinta. A Birtaniya akwai hukumar da ke rajistar ƙungiyoyin agaji tana bincikar littattafansu, gwamnati kuma tana ƙara fene 25 a kan kowane fam da mai biyan haraji ya bayar. Shi ya sa Bature zai iya tura kuɗi ga ƙungiyar da bai san kowa a cikinta ba. Duk da haka su ma fuska suke bi. A watan Afrilun 2020 wani tsohon soja mai shekara 99, Kyaftin Tom Moore, ya ce zai zagaya lambun gidansa sau 100 da keken dogarawa don ya tara fam 1,000 ga ma'aikatan lafiya. Aka tara masa kusan fam miliyan 33.

A Indonesiya zakka da sadaka ne ginshiƙin, dandalin Kitabisa da aka kafa a 2013 ya ɗauko abin da ake yi a masallaci ya sa shi a waya. A Kenya tara kuɗin gayya ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba, da M-Pesa, hanyar tura kuɗi ta waya, ta zo a 2007 sai ta sauƙaƙa shi. A lokacin fari da yunwar 2011 talakawan ƙasar da kansu suka riƙa tura 'yan ƙananan kuɗi ta waya don ciyar da 'yan'uwansu na arewa. A China kuwa, a wannan shekarar ta 2011, wata budurwa mai suna Guo Meimei ta riƙa nuna motocin alfarma a intanet tana iƙirarin tana da alaƙa da Red Cross ta ƙasar. Ƙungiyar ta musanta, amma yarda ta riga ta karye, gudummawa ta faɗi. Daga 2015 kamfanin Tencent ya fara ranar bayarwa a kowane watan Satumba ta cikin manhajar hira ta WeChat, inda mutum ke ba da kaɗan, kamfanin ya ƙara, abokai su gayyaci abokai. Bayan girgizar ƙasar Fabrairun 2023, Turkawa da yawa sun zaɓi su tura kuɗinsu ga ƙungiyar Ahbap ta mawaƙi Haluk Levent, saboda shi suka sani suka yarda da shi.

Lokaci ma yana da nasa tasirin. Musulmi a ko'ina sun fi buɗe hannu a Ramadan, musamman goman ƙarshe. Amurkawa suna da Talatar bayarwa da aka fara a 2012, sannan Disamba, lokacin Kirsimeti da rufe lissafin haraji.

Ka ga inda hukumomi suka samu yardar jama'a, kuɗi suna bi ta ofis su kai ga baƙo. Inda yardar ta yi rauni, suna bi ta hannun malami, ko mawaƙi, ko ɗan'uwa, ko abokin aiki. Hanya ta biyu tana da sauri da ɗumi, amma tana da aibin da ke damuna: wanda ba shi da sananne ko ɗaya a rayuwarsa, ba ya cikin zauren kowa, wataƙila ma ba shi da waya, ba ta isa gare shi.

Tambaya: Malama, sallama irin ta addini. Na tura kuɗi mai kauri ga wani da aka ce matarsa na asibiti, daga baya ta bayyana hoton na wata ce daga wata ƙasa, an daɗe ana damfara da shi. Tun lokacin na rantse ba zan ƙara ba kowa ta waya ba. Na yi laifi? (Daga wani dattijo mai ritaya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba. Ladanka yana nan in sha Allahu. A Bukhari akwai labarin mutumin da ya fita da sadaka cikin dare, ta faɗa hannun ɓarawo, washegari hannun mazinaciya, sannan hannun mawadaci, aka kuma yi masa albishir cewa an karɓa. Batun rantsuwar kuma ka tuntuɓi malami kan kaffara, domin ba na so mugu ɗaya ya rufe ƙofar da mabuƙata da yawa ke shigowa.

Ba kai kaɗai aka taɓa yi wa ba, kuma ba ƙasar da ta tsira. A 2017 a Amurka wata mata da saurayinta suka haɗa baki da wani marar matsuguni, suka ƙirƙiri labarin cewa ya ba matar dala 20 ta ƙarshe da yake da ita lokacin da man motarta ya ƙare a hanya. Mutum kusan 14,000 suka tara musu dala 400,000 a dandalin tara kuɗi na GoFundMe kafin asiri ya tonu, kotu ta hukunta su, dandalin ya mayar wa mutane kuɗinsu. A China a 2016 wani uba ya tara miliyoyin yuwan ta WeChat don 'yarsa mai sankarar jini. Ciwon gaskiya ne, amma ya ɓoye cewa yana da gidaje uku, dole aka mayar da kuɗin. Wani lokacin ma ba mugun nufi, rashin shiri ne. Celeste Barber ta tara dalar Ostireliya miliyan 51 a Facebook lokacin gobarar dajin 2020, masu bayarwa da dama suna zaton za a raba wa duk waɗanda abin ya shafa, sai kotu ta ce kuɗin na asusun 'yan kwana-kwanan jiha ɗaya ne kawai, domin shi aka rubuta tun farko.

Nan gaba, Baba, ka tambayi wanda ya turo maka: kai ka san shi da kanka, ko kai ma turo maka aka yi? Ka duba ko sunan da ke kan asusun ya dace da na majinyaci ko na wanda aka ce yana jinyarsa. Ka nemi sunan asibiti da ɗakin da yake kwance, in da hali ka biya kai tsaye a asusun asibitin. Jikokinka za su iya sa hoton a manhajar binciken hotuna ta Google su ga ko ya taɓa fitowa a wani wuri. Wanda kuma ya matsa maka cewa in ba ka tura cikin awa ɗaya ba za a rasa rai, ya ƙi amsa tambaya, ka dakata. Mai gaskiya yana murna da tambaya, domin ita ce ke wanke shi.

Tambaya: Gwaggo, ni ban da kuɗi, makaranta nake. Idan na ga roƙo ina danna alamar so, in tura gaba. Shin wannan yana da amfani, ko yaudarar kaina nake? (Daga wata 'yar sakandare)

Amsa: 'Yata, tambayarki ta nuna zuciya mai rai, Allah Ya raya ki. Danna alamar so ita kaɗai ba ta sayen allura. Masu bincike sun bi sawun wani shafin ceton Darfur a Facebook da ya tara mambobi sama da miliyan ɗaya, suka tarar fiye da kashi 99 cikin ɗari ba su taɓa ba da ko sisi ba. A 2013 reshen UNICEF na Sweden har talla ya yi yana gaya wa mutane cewa alamar so ba ta yi wa yaro rigakafin shan-inna. Haɗarin shi ne mutum ya danna, ya ji ya sauke nauyi, ya wuce.

Amma turawa tana aiki idan an yi ta da niyya. A 2014, lokacin da mutane suka riƙa sheƙa wa kansu bokitin ruwan ƙanƙara don cutar ALS mai kashe jijiyoyi, ƙungiyar da ke yaƙi da cutar a Amurka ta samu dala miliyan 115 cikin 'yan makonni. Sirrin abin shi ne kowa yana kiran sunayen mutanen da ya sani, ya ce ku ma ku yi ko ku bayar. Ke ma ki yi haka. Maimakon ki watsa roƙo goma da ba ki tantance ba, ki zaɓi ɗaya da kika tabbatar, ki kai wa manya uku a gidanku da bakinki, bayan kwana biyu ki tuna musu cikin ladabi.

Idan za ki zaɓa kuma, ki riƙa waiwayar waɗanda ba su da hoto mai jan ido. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, matasa 'yan sa kai ne ke dafa abinci a unguwanni suna ciyar da dubban mutane, akasari da kuɗin da 'yan ƙasar mazauna waje ke turowa ta waya, kuma ɗakunan girkin da yawa sun sha rufewa idan kuɗi suka yanke. Irin wannan aikin, da na masu wankin ƙoda, da na gidajen marayu, kuɗin wata-wata yake buƙata ko da kaɗan ne. Idan kika shawo kan mutum ɗaya a danginku ya ware wani abu duk ƙarshen wata ga wuri ɗaya da ya tantance, ki rubuta ranar a littafinki, ki zama mai tuna masa.